Fada, Fasto, Rabaran ko Bishop: Daga Ina Turanci Ya Samo Sunayen Malaman Kirista?

A shekarar 2025 an yi manyan naɗe-naɗe guda biyu da suka sa masu fassara labarai zuwa Hausa suka yi ta kokawa da sunayen muƙaman addinin Kirista. A ranar 8 ga Mayu, kadinal-kadinal 133 suka zaɓi Robert Prevost, haifaffen birnin Chicago na Amurka, a matsayin Paparoma Leo na 14, bayan rasuwar Paparoma Francis a watan Afrilu. A ranar 3 ga Oktoba kuma aka sanar da sunan Sarah Mullally a matsayin mace ta farko da za ta riƙe kujerar Akbishop ta Canterbury, babbar kujerar malaman Cocin Ingila, sanarwar da shugabannin ɗarikar Angilika na Najeriya suka fito fili suka ce ba su yi na'am da ita ba. Duk wanda ya bi waɗannan labarai da Turanci ya ci karo da tarin kalmomi, irin su "priest" da "bishop" da "vicar" da "pastor" da "cardinal" da "dean", alhali wanda ya saurare su da Hausa kusan kalma ɗaya ya riƙa ji, wato "limamin coci", sai kuma "malamin addinin Kirista" idan mai fassara yana son sauya baki.

Tambayar ita ce, shin waɗannan kalmomi abu guda suke nufi, Turawa ne kawai suka cika son yawan suna, ko kuwa akwai bambanci na gaske a tsakaninsu? Amsar ita ce akwai, kuma bambancin ya kai ga an raba ɗariku a kansa, an yi shari'a a kotu, an ma zubar da jini. Abin mamakin shi ne kusan dukkan kalmomin sun faro ne daga maganar yau da kullum ta mutanen Girka da Rum, sunayen tsoho da bara da makiyayi da wakili da baba, kafin zamani ya naɗa musu rawani.

Dattijon da ya koma mai miƙa hadaya

Kalmar da ta fi kowace rikitarwa ita ce "priest". A tsohon Turanci ana cewa "preost", kuma an gutsuro ta ne daga kalmar Latin "presbyter", wadda ita ma aro ce daga Girkanci "presbyteros". Ma'anarta a Girkanci ba ta wuce wanda ya fi tsufa ba, wato dattijo. Ƙananan jama'o'in Kirista na ƙarni na farko sun bi tsarin da Yahudawa suka saba da shi a majami'unsu, inda dattawa ke jagorantar jama'a, don haka suka kira shugabanninsu da wannan suna. Mai karatun Larabci zai ga abin bai zo masa baƙo ba, domin "shaikh" ma asalinsa tsoho ne. Haka nan kalmar "ƙissis", wadda jam'inta ya zo a aya ta 82 ta Suratul Ma'ida a kan malaman Nasara, ta fito ne daga harshen Suriyanci, kuma a can ma dattijo take nufi.

Sai dai Girkanci yana da wata kalma dabam, "hiereus", wadda take nufin mutumin da aka keɓe domin ya tsaya a gaban bagade ya miƙa hadaya, kamar zuriyar Haruna a Haikalin Urushalima ko masu hidimar gumakan Girkawa. Latin ma ya raba su, yana kiran wannan na biyu "sacerdos". Sabon Alkawari, sashe na biyu na Littafi Mai Tsarki na Kirista, bai kira wani shugaban ikilisiya, wato jama'ar masu bi, da wannan suna a matsayin muƙaminsa ba. Ya yi amfani da shi ne ga malaman Haikali, da Yesu kansa, da kuma dukan masu bi a jimlace. Amma daga wajajen ƙarni na uku, da aka ƙara fahimtar Jibin Ubangiji, wato ibadar cin gurasa da shan ruwan inabi domin tunawa da Yesu, a matsayin hadaya, sai aka fara kallon wanda ke jagorantarsa a matsayin mai miƙa hadaya. Turanci kuwa sai ya bar kalmar da ya aro daga "sacerdos" ta ɓace, ya ɗora wa "priest" kaya biyu: asalinta dattijo, aikinta mai hadaya. Shi ya sa yau ake kiran bokan gunki da wannan suna, a kira Fadan Katolika da shi, a kuma kira Haruna ɗan'uwan Annabi Musa da shi.

Hausa ta gaji wannan kalma kai tsaye. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, yana cewa "firist" ga masu hidimar Haikali, yana kuma cewa "dattawa" ga shugabannin ikilisiya. Wato a shafi guda Bahaushe yana iya karanta kalmomi biyu da suke nufin abubuwa daban, ba tare da ya san cewa "firist" ɗin da kanta jikanyar kalmar "dattijo" ce ba.

Mai sa ido, bara da makiyayi

"Bishop" ta fito daga Girkanci "episkopos", wadda ta haɗa gaɓa biyu, "epi" mai nufin a kan, da "skopos" mai nufin mai dubawa. Mai sa ido ke nan, irin wanda ake ɗorawa a kan ma'aikata ko a kan kuɗin gari, kuma Girkawa sun yi amfani da kalmar a harkar mulki tun kafin zuwan Kiristanci. Bakin Ingilishi na dā ya yanke mata kai da wutsiya ta zama "biscop", Faransawa suka tauna ta ta wata fuska ta zama "évêque", Larabawa kuma suka ce "usƙuf". Duk kalma ɗaya ce. Idan aka lura, laƙabin "General Overseer" da Fasto Enoch Adeboye na cocin Redeemed yake amfani da shi fassarar wannan kalma ce zuwa Turanci tsantsa, duk da cewa ba a kiran sa bishop.

Kalmomin da suka kewaye bishop ma na mulki ne. Yankin da yake kula da shi, "diocese", sunan sashen gudanarwa ne a daular Rum. Babbar majami'arsa, "cathedral", ta samu sunanta ne daga "cathedra", wato kujera, domin a nan ake ajiye kujerar da yake zama ya koyar; girman gini ba shi ne ke mai da majami'a "cathedral" ba.

"Deacon", wadda Kiristocin Arewa ke cewa dikin, daga "diakonos" take, mai hidima, musamman mai kai wa mutane abinci a teburi. Al'adar coci tana danganta muƙamin da mutum bakwai da aka zaɓa a sura ta shida ta Ayyukan Manzanni domin su kula da rabon abinci ga gwauraye mata, cikinsu har da Istifanas. Takwararta a Latin ita ce "minister", wadda ta tsiro daga "minus", wato ƙarami, kishiyar "magister" da ta ba Turanci kalmar "master". Kalmar nan ce dai muke kiran ministan gwamnati da ita, domin asalinsa baran sarki ne, ko da yake jerin motocin da ke bin sa a yau ba sa tuna wa kowa hakan. "Pastor" kuwa ita ce mafi sauƙi: makiyayi ce a Latin, ba ƙari ba ragi.

Inda gizo yake saƙa shi ne, a cikin Sabon Alkawari ba a shata iyaka mai kauri tsakanin waɗannan sunaye ba. A sura ta 20 ta Ayyukan Manzanni, manzo Bulus ya kira dattawan ikilisiyar Afisa, ya ce musu an sa su masu sa ido, ya kuma umarce su da su yi kiwon garken; mutane ɗaya, sunaye uku. A wasiƙarsa ga Titus ma ya fara magana a kan dattawa, sai ya zarce da "mai sa ido" kamar mutum ɗaya yake nufi. Amma zuwa farkon ƙarni na biyu, wasiƙun Ignatius na Antakiya sun nuna tsari mai hawa uku, bishop guda a sama, dattawa a ƙarƙashinsa, dikinoni a ƙasa. Jerome, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin ya kuma rasu a 420, shi da kansa ya rubuta cewa da farko dattijo da bishop abu guda ne, al'adar coci ce ta ɗaga ɗaya bisa sauran. Katolika da Otodoks da Angilika suna ganin tsarin mai hawa uku gado ne daga manzanni, wanda ake miƙawa ta hanyar ɗora hannu daga bishop zuwa bishop. Yawancin Furotesta suna ganin ƙari ne da ya shigo daga baya.

Lokacin da zaɓin kalma ya zama laifi

Wannan saɓani ne ya fashe a ƙarni na 16. William Tyndale, wanda ya fara buga Sabon Alkawari da Turanci daga Girkanci a 1526, ya ƙi fassara "presbyteros" da "priest". Da farko ya ce "senior", daga baya ya gyara zuwa "elder". Haka kuma ya ƙi cewa "church" inda Girkanci ya ce "ekklesia", kalmar da ta zama "ikilisiya" a bakinmu, sai ya ce "congregation", wato taron jama'a. Thomas More, babban jami'in Sarki Henry na 8, ya rubuta dogayen raddi yana cewa wannan ba fassara ba ce, dabara ce ta rushe ikon coci daga tushe. A wata fuskar More ya hango daidai, domin idan talaka ya buɗe littafi bai ga firist ba sai dattijo, bai ga coci ba sai taro, to dole ya tambayi inda masu manyan riguna suka samo ikonsu. An kama Tyndale a Antwerp, aka same shi da laifin bidi'a, aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa a Vilvoorde kusa da Brussels a 1536.

Sarki James na ɗaya ya fahimci siyasar da ke cikin lamarin sarai. A taron Hampton Court na 1604, da masu neman gyara suka taɓo batun rage ikon bishop-bishop, ya amsa musu da cewa idan babu bishop, to babu sarki. Cikin ƙa'idojin da aka gindaya wa masu fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1611 da sunansa akwai cewa a bar tsofaffin kalmomin coci yadda suke, kada a mai da "church" ta koma "congregation". Duk da haka sun bar "elder" ɗin Tyndale a wurinsa.

Daga nan ne sunayen ɗariku da yawa suka fito, kuma kowane suna amsa ce ga tambayar wa ke da iko. 'Yan "Presbyterian", waɗanda suka yi ƙarfi a Scotland, suna cewa majalisar dattawa ce ke mulki. 'Yan "Episcopal", sunan da Angilika ke amsawa a Amurka, suna cewa bishop ne. 'Yan "Congregational" suna cewa taron masu ibada ne da kansa. Ɗarikun da suka ƙi ra'ayin hadaya suka yar da "priest" gaba ɗaya, suka rungumi "pastor" da "minister", domin a wajensu aikin malami wa'azi ne da kiwon jama'a. Shi ya sa a cocin ECWA ko na Baptis za ka ji Fasto da Rabaran da dattawa, ba za ka ji Fada ba, kuma shugaban ECWA na ƙasa "President" ake kiran sa.

Rigimar ushiri a ƙauyukan Ingila

Akwai wasu kalmomi huɗu da tauhidi bai haife su ba, kuɗi ne ya haife su. A Ingila ta tsakiyar zamani, kowane manomi yana ba da ushiri, wato ɗaya bisa goma na amfanin gonarsa, ga majami'ar yankinsa. Malamin da ke da haƙƙin karɓar ushirin duka shi ne "rector", daga kalmar Latin mai nufin mai mulki ko mai miƙar da abu. Shi ne kuma ake kira "parson", daga "persona", wato mutum, kuma masana shari'ar Ingila sun bayyana cewa shi ne mutumin da ke tsayawa a madadin majami'ar a gaban doka, ya kai ƙara ko a kai ƙararsa.

Sai gidajen 'yan zuhudu suka fara mallakar majami'u da yawa. Gidan zuhudun ya zama shi ne "rector", ya kwashe babban ushiri na hatsi da ciyawar dabbobi da itace, sannan ya ɗauko wani malami ya ajiye a ƙauyen ya yi aikin, a bar masa ƙaramin ushiri irin na madara da ƙwai da 'yan tumaki. Wannan malami shi ne "vicar", daga "vicarius", wakili ko mai riƙon ƙwarya, tushe ɗaya da "vice" da ake sa wa mataimakin shugaban ƙasa. Da Henry na 8 ya rushe gidajen zuhudu daga 1536 zuwa wajen 1540, bai mayar wa ƙauyuka babban ushirin ba. Ya sayar ko ya raba wa fadawa da masu ƙasa da kwalejoji, aka wayi gari da attajiran da ba malamai ba suna amsa sunan "rector". Dokar 1836 ta mai da ushirin kuɗi maimakon hatsi, dokar 1936 kuma ta shata hanyar kawo ƙarshensa. A yau "rector" da "vicar" aiki ɗaya suke yi a Cocin Ingila, tarihin ƙauyen ne kawai ke nuna sunan da za a kira malaminsa.

Ta huɗun ita ce "curate", daga "cura", kulawa, domin shi ne aka danƙa wa kula da rayuka. A asali duk malamin da ke riƙe da jama'a sunansa ke nan, amma a Ingila sai ta gangaro ta zama sunan ƙaramin mataimaki, sau da yawa matalauci, wanda ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba domin ya yi aikin maigidan da ba ya zama a garin. A nan akwai tarko ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru masu aiki da Faransanci: a can "curé" shi ne babban malamin majami'a, "vicaire" kuma mataimakinsa, wato akasin yadda abin yake a Turanci. Wanda ya fassara kalma da kalma tsakanin harsunan biyu sai ya mai da maigida yaro.

Jami'o'in Turai sun taso ne a inuwar coci, shi ya sa sunayen suka bi su har zuwa makarantunmu. Shugaban kwalejin fasaha a Najeriya "rector" ne. Shugaban tsangaya "dean" ne, daga "decanus", shugaban mutum goma, da farko sojoji, daga baya 'yan zuhudu. Shugaban kwalejin ilimi "provost" ne, daga "praepositus", wanda aka sa a gaba, kuma wannan kalma ce ta zama sunan dangin Paparoma na yanzu, Prevost, ta hanyar tsohon Faransanci.

Daga ƙuri'a zuwa akawu

Sunan da ya tattara dukan malaman shi ne "clergy", mutum ɗaya kuma "cleric", duka daga Girkanci "kleros", wato ƙuri'a, ko rabon da ya faɗo wa mutum ta ƙuri'a, ko gado. Bayanin da magabatan coci suka bayar shi ne, kamar yadda ba a ba kabilar Lawi gadon ƙasa ba aka ce Ubangiji ne rabonsu, haka malamai rabon Allah ne, Allah kuma rabonsu. Sauran jama'a su ne "laity", daga "laos", wato mutane.

Tunda a Turai ta wancan zamani kusan malaman coci ne kaɗai ke iya karatu da rubutu, sai kalmar ta haifi "clerk", mai rubutu a ofis, wanda muke kira akawu. Mu ma mun yi irin wannan tafiya da "malam", wadda ta faro daga "mu'allim" na Larabci, ta zama sunan duk mai ilimi, har ta zama laƙabin girmamawa ga kowane namiji. A Ingila abin ya shiga har cikin shari'a. Malamai suna da gatan a yi musu hukunci a kotun coci, wadda ba ta yanke hukuncin kisa, kuma jayayya a kan wannan gata na cikin abin da ya haɗa Sarki Henry na biyu da Akbishop Thomas Becket, wanda aka kashe a cikin majami'arsa ta Canterbury a 1170. Daga baya hujjar zama malami ta koma iya karatu kawai, ana miƙa wa wanda ake tuhuma farkon Zabura ta 51 ya karanta. Ɓarayin da ba su san ko bihim ba sai suka riƙa haddace ayar suna tsira da wuyansu. Sai a 1827 aka soke wannan gata baki ɗaya.

Wannan tarihi ne ya sa laƙabin "Islamic cleric", da jaridun Turanci ke liƙa wa malamanmu na Musulunci, bai zauna daidai ba. Kalmar tana ɗauke da ra'ayin wani rukuni da aka keɓe ta hanyar naɗi na ibada, wanda ke iya yin abin da sauran masu bi ba za su iya ba. Liman kuwa, daga "al-imam", wanda ke tsayawa a gaba ne, kuma duk namijin da ya cika sharuɗɗa yana iya jan salla. Kuskuren yana tafiya ta fuska biyu: Bature yana kallon malami kamar firist, Bahaushe kuma yana kallon firist kamar liman.

Baba, ƙyaure da guntun mayafi

"Pope" ta fito daga Girkanci "pappas", kalmar da yaro ke kiran mahaifinsa, daidai da baba. A ƙarnonin farko ana kiran bishop-bishop da yawa da ita, kuma bishop na Iskandariya ya riƙe ta tun ƙarni na uku. Har yau shugaban Kibɗawan Masar, Tawadros na biyu, wanda ya hau a 2012, da wannan laƙabi ake kiran sa. A Yammacin Turai ne aka taƙaita ta ga bishop na Rum, musamman daga ƙarni na 11. Saboda haka kalmarmu ta "Paparoma", Papa na Roma, ta fi ta Turancin fayyace magana. Ɗaya sunan nasa, "pontiff", gadon Rum ta zamanin gumaka ne, domin "pontifex maximus" shi ne shugaban addinin gwamnati, muƙamin da Julius Kaisar ya riƙe, sarakunan Rum suka ci gaba da riƙewa har ƙarshen ƙarni na huɗu.

"Cardinal" daga "cardo" take, ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa. Asalinsu manyan malaman majami'un birnin Rum ne da kewaye, kuma a 1059 Paparoma Nicholas na biyu ya danƙa musu zaɓen Paparoma. Taron zaɓen, "conclave", yana nufin da makulli, kuma dokar kulle su ta fito ne a 1274, bayan wani zaɓe a garin Viterbo ya ɗauki kusan shekara uku har mutanen gari suka gaji suka garƙame masu zaɓen. Kadinal ba wani hawa na huɗu ba ne a naɗin ibada. Muƙami ne da Paparoma ke bayarwa, kusan kullum ga wanda ya riga ya zama bishop. Tun 1970 wanda ya kai shekara 80 ba ya jefa ƙuri'a, abin da ya sa Kadinal John Onaiyekan, tsohon Akbishop na Abuja, bai shiga zaɓen 2025 ba, Kadinal Peter Okpaleke ne ya shiga daga Najeriya.

"Chaplain" ce ke da labari mafi daɗi. An ruwaito cewa Martin na Tours, sojan Rum a ƙarni na huɗu, ya raba mayafinsa biyu da takobi ya ba wani mabaraci rabi a ƙofar garin Amiens cikin tsananin sanyi. Sarakunan Faransa na dā suka adana abin da suka yi imani shi ne ragowar mayafin, "cappella" a Latin, suna tafiya da shi har fagen yaƙi. Ɗakin da ake ajiye shi ya zama "chapel", masu tsaronsa suka zama "chaplain". Yau sunan duk malamin da ke hidima a barikin soja ko asibiti ko kurkuku ko makaranta ne, kuma a Amurka da Birtaniya har limaman Musulmi da malaman Yahudawa ana kiran su da shi.

Rabaran da Fada

"Reverend", wadda muka mayar Rabaran, ba muƙami ba ce a asali, siffa ce, ma'anarta wanda ya cancanci a girmama. Tana da matakai a tsarin Angilika: "Very Reverend" ga shugaban babbar majami'a, "Right Reverend" ga bishop, "Most Reverend" ga akbishop, sai "Venerable" ga babban dikin mai kula da gunduma. An taɓa jayayya a Ingila kan ko malamin Methodist yana da ikon sa wannan laƙabi a kan dutsen kabarin 'yarsa a maƙabartar Cocin Ingila, har maganar ta kai majalisar shari'a ta Sarauniya, wadda ta yanke a 1876 cewa laƙabin na girmamawa ne, ba mallakar wata ɗarika ba.

Fada kuwa "Father" ce. Ba a daɗe sosai ana kiran kowane firist na Katolika haka a Turanci ba. Kafin ƙarni na 19 an fi ware sunan ga 'yan ƙungiyoyin zuhudu, sauran ana ce musu "Mister". Furotesta da yawa suna ƙin sa, suna kafa hujja da aya ta 9 ta sura ta 23 a Bisharar Matiyu, inda aka ce kada a kira kowa uba a duniya, Katolika kuma suna amsawa da cewa Bulus ya kira kansa uban waɗanda ya kawo ga bangaskiya.

Abin da mai sauraro ke rasawa

Idan aka ce an sace "limamin coci" a Kaduna ko Filato, mai sauraro bai san ko Fada ne wanda ba shi da mata, yana ƙarƙashin bishop da zai yi magana a madadinsa, ko Fasto ne mai mata da 'ya'ya wanda jama'arsa da danginsa ne za su shiga neman kuɗin fansa ba. Firist na Katolika a tsarin Latin ba ya aure, na Otodoks yana iya yin aure kafin naɗi amma ba a ɗaukar bishop daga masu aure, na Angilika da Fasto kuwa suna aure. Haka kuma kalmar bishop ba nauyi ɗaya take da shi ko'ina ba. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke riƙe da Sakkwato tun 2011, Paparoma ne ya naɗa shi kuma yana da iyakar yanki. Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop na Angilika, a Canterbury aka keɓe shi a 1864. A wasu sababbin coci-coci kuwa wanda ya kafa cocin ne ke ɗaukar sunan, wani lokaci bayan wasu takwarorinsa sun ɗora masa hannu. Duk wanda zai gayyaci shugabannin addini zaman sulhu, ko ya rubuta musu wasiƙa, yana bukatar ya san wa ke iya ɗaure jama'arsa da alkawari da wanda bakinsa kawai yake ari.

Batun naɗa mata ma a kan waɗannan kalmomi yake juyawa. Cocin Ingila ya fara naɗa mata firist a 1994, bishop mace ta farko kuma a 2015. A shekarar 1994 ɗin dai Paparoma John Paul na biyu ya bayyana cewa cocin Katolika ba shi da ikon naɗa mata firist, domin a fahimtarsu firist yana tsayawa ne a matsayin Almasihu a wajen hadaya, kuma manzannin da ya zaɓa maza ne. Waɗanda suka ɗauki muƙamin a matsayin dattijo ko makiyayi sun rabu biyu: wasu suna goyon bayan naɗa mata, suna kafa hujja da wata mace mai suna Fibi, wadda Bulus ya kira "diakonos" a farkon sura ta 16 ta wasiƙarsa ga Romawa, wasu kuma suna riƙe da ayoyin da suka hana mace shugabantar maza a ikilisiya. Cocin Angilika na Najeriya, ƙarƙashin Akbishop Henry Ndukuba, ba ya naɗa mata firist, kuma ƙorafinsa a kan Mullally ya haɗa da matsayinta kan sa wa masu auren jinsi albarka. Ita kuwa fadar Vatican, tun 1896 Paparoma Leo na 13 ya yanke cewa naɗin malaman Angilika, maza ne ma a lokacin, bai inganta ba sam, kuma ba a janye wannan hukunci ba har zuwa hawan Leo na 14.